Koyon Algoridim Ba Tare da Zurfin Lissafi Ba: Wane Littafi Ya Kamata a Fara da Shi?

Gabatarwa

Sau da yawa ɗalibin da ya ƙwallafa rai a kan ilmin kwamfuta yakan ji an ce algoridim ita ce ƙashin bayan wannan fanni. Sai ya nufi laburare, ko kuwa ya roƙi wani yayansa da ke jami'a ya ara masa littafi. Abin da akan miƙo masa shi ne wani jibgegen kundi mai shafi fiye da dubu, wanda da buɗe shi sai ya yi kiciɓis da baƙaƙen Girkanci da dogayen hujjojin lissafi tun daga babobin farko. Bayan kwana biyu sai ya rufe littafin, ya yanke wa kansa hukunci cewa wannan ilmi ya fi ƙarfinsa. Ta haka ake asarar yara masu basira, alhali kuwa laifin na littafin ne, domin ba a rubuta shi saboda mai farawa ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana wa ɗalibai da malaman sakandare irin lissafin da lalle ake bukata kafin a fahimci algoridim, da littattafan da suka dace da kowane mataki, da kuma yadda za a gwada littafi kafin a kashe masa kuɗi ko lokaci.

Mece ce Algoridim?

Algoridim tsararriyar hanya ce ta warware matsala mataki bayan mataki. Sharaɗinta shi ne kowane mataki ya zama a fayyace, aikin ya zo ƙarshe, sa'an nan amsar ta fito daidai a duk lokacin da aka bi hanyar. Yaron firamare da ke tara lambobi daga dama zuwa hagu, yana ɗaukar ɗaya zuwa gaba idan jimla ta kai goma, algoridim yake bi ko da bai san sunanta ba.

Kalmar ta samo asali ne daga sunan Muhammad ɗan Musa al-Khawarizmi, masanin lissafi da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9, zamanin Halifa al-Ma'amun. A ƙarni na 12 aka fassara littafinsa na ƙidaya da lambobin Indiya zuwa harshen Latin, inda aka rubuta sunansa Algoritmi, daga nan sunan ya koma na hanyar lissafin ita kanta. A ƙasar Hausa ma an yi irin wannan nazari. Malamin nan na Katsina, Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 inda ya bayyana yadda ake jera lambobi cikin gidajen hatimi har kowane layi ya ba da jimla iri ɗaya.

Ɗaya daga cikin tsofaffin algoridim da aka sani ita ce ta Yuklid, masanin Girka da ya rayu wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Ana amfani da ita wajen gano babbar lambar da za ta raba lambobi biyu ba saura. Alal misali, a ɗauki 48 da 18. A raba 48 da 18, saura 12. A raba 18 da 12, saura 6. A raba 12 da 6, babu saura. To, 6 ita ce amsa. Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan masana sun yi aikinsu ne da alƙalami da takarda, ɗaruruwan shekaru kafin a ƙera kwamfuta.

Dalilin Nauyin Manyan Littattafai

Littattafai biyu ne suka fi shahara a wannan fanni, kuma su ne suka fi korar masu farawa. Na farko shi ne The Art of Computer Programming na Donald Knuth, shehin malami a Jami'ar Stanford ta Amurka. Juzu'insa na farko ya fito a 1968, na biyu a 1969, na uku a 1973, sa'an nan sassa biyu na juzu'i na huɗu suka biyo baya a 2011 da 2022. Knuth ya sanya wa kowace tambayar gwaji lamba daga 0 zuwa 50 gwargwadon wuyarta, kuma lamba 50 tana nufin matsalar da masu bincike ma ba su warware ba. Har ila yau, ya yi wa tambayoyin da ke bukatar lissafi mai zurfi alama ta musamman.

Na biyu shi ne Introduction to Algorithms na Thomas Cormen da Charles Leiserson da Ronald Rivest, wanda maɗaba'ar MIT ta buga a 1990. Clifford Stein ya shiga sahun marubutan a bugu na biyu a 2001, bugu na huɗu kuwa ya fito a 2022. Shafukansa sun haura dubu ɗaya, kuma jami'o'i da dama a duniya da shi suke koyarwa.

Babu mai musun darajar waɗannan littattafai. Sai dai an rubuta su ne domin mutumin da zai ƙirƙiro sabuwar algoridim, ko ya kafa hujja cewa wata hanya daidai take, ko ya ƙididdige saurinta filla-filla. Matsayinsu kamar na babban ƙamus ne, wanda ake komawa gare shi idan bukata ta taso. Wanda ya miƙa wa ɗan aji huɗu na sakandare irin wannan littafi, tamkar ya ɗora wa ɗan maraƙi garma ne.

Lissafin da Lalle Ake Bukata

Mai farawa yana bukatar abu uku kawai: iya ƙidaya matakai, da fahimtar ninkawa da rabawa biyu, da ɗan sanin aljabara irin na ƙaramar sakandare. Misalai biyu za su nuna haka.

Na farko shi ne neman kalma a ƙamus. Ƙamusun Bargery na Hausa, wanda aka buga a 1934, yana da shafi fiye da dubu. Wanda ya ce zai bi shi shafi-shafi daga farko yana iya juya shafi dubu kafin ya kai ga kalmar da yake nema. Amma idan ya buɗe tsakiya, ya duba ko kalmar tana gaba ko tana baya, ya yi watsi da rabin da ba ta ciki, ya sake buɗe tsakiyar rabin da ya rage, to buɗewa 11 ta ishe shi. Wannan hanya ita ake kira neman rabi-rabi. A jerin sunaye 1,000 ba ta wuce mataki 10, a miliyan ɗaya ba ta wuce 20, a biliyan ɗaya kuwa 30 ne. Adadin lokutan da za a raba lamba biyu kafin a sauko kan ɗaya shi ne abin da masu lissafi ke kira logaridim mai tushe 2. Duk wanda ya gane wannan ya gane rabin abin da ke firgita mutane a cikin manyan littattafai.

Misali na biyu shi ne jeranta takardun jarrabawa bisa maki. Malami mai takardu 40 yana iya duba su duka ya fitar da mafi yawan maki, ya sake duba 39 da suka rage ya fitar da na biye, haka har ƙarshe. Wannan zai ci masa gwami 780 tsakanin takarda da takarda. Akwai wata hanya da John von Neumann ya tsara a 1945: a raba tarin gida biyu, a jeranta kowane gida ta wannan hanya, sa'an nan a haɗe su ta hanyar gwama takardun da ke sama kawai. Da wannan hanya gwamin ba zai wuce 177 ba. Idan takardun suka kai 1,000, hanyar farko za ta ci gwami 499,500, ta biyu kuwa ba za ta kai 10,000 ba. Idan suka kai miliyan ɗaya, na'urar da ke yin gwami miliyan ɗaya a daƙiƙa za ta shafe kusan kwana shida a kan hanyar farko, amma daƙiƙa 20 ta ishe ta a kan ta biyu.

Alamomin da ake gani a littattafai irin su O(n) da O(log n) da O(n²) taƙaitaccen bayani ne na wannan ƙidaya. Suna amsa tambaya ɗaya ce: idan kayan aiki suka ninka, yaya wahalar za ta ƙaru? Littafi mai kyau ga mai farawa shi ne wanda ya fara da ƙidayar, sa'an nan ya kawo alamar daga baya.

Mataki na Farko: Littattafan Buɗe Ido

Akwai littattafan da ba sa bukatar mai karatu ya iya rubuta shirin kwamfuta ko kaɗan. Fitacce a cikinsu shi ne Nine Algorithms That Changed the Future na John MacCormick, wanda maɗaba'ar Jami'ar Princeton ta buga a 2012. Ya yi bayanin yadda injin bincike na intanet ke zaɓen shafin da zai sa a gaba, da yadda ake matse bayanai su ƙanƙance, da yadda ake gano kuskure a saƙo a gyara shi, da yadda na'urori biyu ke ƙulla sirri a bainar jama'a. A wannan batu na ƙarshe ya yi amfani da misalin gauraya fenti, wato abu ne mai sauƙi a haɗa launi biyu, amma da wuya a sake raba su.

Wani kuma shi ne Algorithms to Live By na Brian Christian da Tom Griffiths, wanda ya fito a 2016. Shi wannan ya danganta algoridim da shawarwarin yau da kullum, kamar lokacin da ya kamata mai neman gidan haya ya daina dubawa ya zaɓa. Irin waɗannan littattafai suna sa sha'awa, suna kuma bai wa malami misalan da zai kawo a aji. Amma ya kamata a sani cewa ba sa koyar da aikin hannu. Wanda ya karanta su zai iya bayanin algoridim, ba lalle ne ya iya rubuta ta ba.

Mataki na Biyu: Littattafan Koyon Aiki

A nan ne mafi yawan ɗaliban sakandare ya kamata su fi daɗewa. Littafin Grokking Algorithms na Aditya Bhargava, wanda ya fito a 2016 aka kuma sake buga shi da ƙari a 2024, cike yake da zane-zanen hannu. Babinsa na farko a kan neman rabi-rabi yake, daga nan ya wuce zuwa jerantawa, da hanyar da ke kiran kanta da kanta, da gano gajeriyar hanya tsakanin wurare bisa dabarar da Edsger Dijkstra ya wallafa a 1959. Misalansa da harshen Python aka rubuta su, kuma yana da tambayoyin gwaji tare da amsoshinsu.

Mai kama da shi shi ne A Common-Sense Guide to Data Structures and Algorithms na Jay Wengrow, wanda ya fara fitowa a 2017. Ƙarfin wannan littafi shi ne yana bin kowace hanya taki-taki, yana ƙidaya matakan a gaban mai karatu. Ga wanda kuma ba shi da halin saye, akwai Problem Solving with Algorithms and Data Structures using Python na Brad Miller da David Ranum, wanda ake karantawa kyauta a intanet.

Wani abin sha'awa shi ne, Thomas Cormen da kansa, ɗaya daga cikin marubutan jibgegen kundin nan, ya rubuta ƙaramin littafi mai babi goma a 2013 mai suna Algorithms Unlocked domin waɗanda babban ya yi wa nauyi. Ya fi littattafan da aka ambata a sama ɗan lissafi, saboda haka gada ce mai kyau ga ɗalibin aji shida da ke shirin shiga jami'a.

Mataki na Uku: Littattafan Ƙwarewa

Wanda ya iya rubuta ƙananan shirye-shirye sai ya matsa gaba. Littafin Algorithms na Robert Sedgewick ya fara fitowa a 1983, bugunsa na huɗu kuwa, wanda ya yi tare da Kevin Wayne a 2011, da harshen Java yake, kuma yana nuna yadda bayanai ke sauyawa a kowane mataki ta hanyar zane. The Algorithm Design Manual na Steven Skiena, wanda bugunsa na uku ya fito a 2020, kashi biyu ne. Kashin farko koyarwa ce haɗe da labaran matsalolin da marubucin ya ci karo da su a wurin aiki, na biyu kuwa jerin matsaloli 75 ne da shawarar yadda za a tunkari kowace.

Bugu da ƙari, kada a raina tsohon littafi don ganin shekarar bugunsa. Algorithms + Data Structures = Programs na Niklaus Wirth ya fito tun 1976 da harshen Pascal, wanda yanzu ba a cika aiki da shi ba, amma hanyoyin nema da jerantawa da ke cikinsa suna nan yadda suke. Harsunan kwamfuta su ne ke tsufa da wuri, algoridim kuwa takan daɗe, kamar yadda ta Yuklid ta nuna.

Ajin da Babu Kwamfuta

Makarantu da yawa ba su da isassun na'urori, wasu ma wutar lantarki ce matsalarsu. Wannan bai isa ya hana koyar da algoridim ba. A 1998 Tim Bell na Jami'ar Canterbury ta ƙasar Niyu Zilan, tare da Ian Witten da Mike Fellows, sun fitar da littafin Computer Science Unplugged, wanda ya ƙunshi wasannin koyar da ilmin kwamfuta ba tare da na'ura ba. Ana samun sa kyauta a intanet, kuma an fassara shi zuwa harsuna da dama, har da Faransanci, abin da zai amfani malaman Jamhuriyar Nijar.

A cikinsa akwai wasan kati biyar masu ɗigo 1 da 2 da 4 da 8 da 16, wanda ke koyar da ƙidayar da kwamfuta ke amfani da ita. Akwai wasan jeranta gwangwanaye bisa nauyi da sikeli, inda ba a yarda a gwama fiye da biyu a lokaci guda ba. Akwai kuma wanda ake zana hanyoyi a ƙasa da alli, yara shida su riƙe lambobi su bi zanen, duk inda biyu suka haɗu su gwama lambobinsu, har su fito a jere a ɗaya ƙarshen. Kwafi ɗaya a hannun malami ya wadatar da aji guda, kuma malami na iya yin bayanin da Hausa, tun da yake dukan littattafan da aka ambata da Turanci aka rubuta su.

Yadda Ake Gwada Littafi

Kafin a sayi littafi ko a ara, yana da kyau a yi masa gwaji na minti goma. Da farko a karanta gabatarwarsa, domin marubuta na gari sukan faɗi irin ilmin da suke zaton mai karatu yana da shi. Na biyu, a duba fihirisa a buɗe wurin da ya yi bayanin neman rabi-rabi. Idan ya fara da misali mai lambobi na zahiri, ya bi su mataki-mataki, to ya dace da mai farawa. Idan kuwa ya fara da ma'anoni da alamomi, a ajiye shi sai gaba. Na uku, a duba ko yana da tambayoyin gwaji da amsoshi, domin mai koyo shi kaɗai ba shi da wanda zai duba masa aiki. Na huɗu, a rufe littafin a gwada yin misalin a takarda da wasu lambobi dabam. Idan an iya, littafin ya yi aikinsa.

Iyakar Sauƙi

Wajibi ne a faɗakar da mai karatu cewa guje wa lissafi yana da iyaka. Neman rabi-rabi yana da sauƙin fahimta, amma rubuta shi daidai wani abu ne dabam. An fara bayyana hanyar a 1946, sai da aka shafe fiye da shekara goma kafin a buga wadda ke aiki daidai ga jeri kowane irin tsawo. Jon Bentley ya ruwaito a littafinsa Programming Pearls na 1986 cewa ya ba ƙwararrun masu rubuta shirye-shirye wannan aiki, kuma kusan tara cikin goma sun sami kuskure a abin da suka rubuta.

A 2006 kuma Joshua Bloch ya bayyana cewa neman rabi-rabin da shi da kansa ya rubuta a cikin kayan aikin harshen Java ya shafe kimanin shekara tara da ɓoyayyen kuskure. Wajen gano tsakiyar jeri, shirin yakan tara lambar farko da ta ƙarshe ya raba biyu. Idan jerin ya haura abu biliyan ɗaya, jimlar na iya wuce 2,147,483,647, wato babbar lambar da gurbin ajiyar ke iya ɗauka, sai amsar ta lalace. Irin wannan ne ya sa manyan littattafai suke dagewa a kan hujja da ƙididdiga. Littattafai masu sauƙi suna koyar da yadda hanya ke aiki, tabbatar da cewa tana aiki a kowane hali kuwa sai da lissafi. Bambancin kawai shi ne, ɗalibin da ya riga ya jeranta katuna da hannunsa zai tarar da hujjar tana magana ne a kan abin da ya sani.

Kammalawa

Hausawa na cewa da rarrafe yaro kan tashi. Ɗalibi na iya ɗaukar zangon karatu ɗaya a kan wasannin da ba sa bukatar na'ura da littafin buɗe ido guda. Ya ɗauki zango biyu a kan littafi ɗaya na koyon aiki, yana yin kowace tambaya a takarda kafin ya taɓa kwamfuta. Littafi ɗaya da aka gama ya fi biyar da aka fara aka bari. A wannan lokaci kada ya yi sakaci da darasin lissafi na aji, musamman aljabara da logaridim da jerin lambobi, domin su ne guzurin mataki na gaba.

Malamai da masu kula da laburaren makarantu kuwa, idan kuɗin saye kaɗan ne, gara a sayi kwafi uku na littafin mataki na biyu da a sayi babban kundi ɗaya da zai zauna a kanta yana shan ƙura. Idan ɗalibi ya zo neman littafin algoridim, a fara tambayarsa abin da ya riga ya sani, sa'an nan a miƙa masa wanda ya yi daidai da shi.